Bakancen Herminia

Nereida 'yar ƙanwata Herminia ce, kuma ita ce mai tsaron baya a ƙungiyar ƙwallon matan garinmu. Ranakun aiki tana masana'antar cuku da ke bakin hanyar León, ranar Lahadi in an fito daga majami'a tana fili. 'Yan garuruwan da ke kewaye da mu Katanga suke kiranta, ba kuma don ƙauna ba. Da farko uwarta ba ta son harkar, ta ce 'ya mace da ƙwauri duk tabo wa zai kalle ta. Amma tun ranar da ta je filin sau ɗaya, wai don ta janyo yarinyar gida, ba ta ƙara fashi ba. Ta zama ita ce muryar filin. Babu alƙalin wasan da ya taɓa busa usur a garinmu bai ji tarihin kakarsa daga bakin Herminia ba. Mijinta yana Chicago yana aikin rufin gidaje, sai dai ta ɗaga masa waya sama ya ji hayaniyar.

Ranar da gwiwar Nereida ta lalace ba wanda ya taɓa ta. Ta juya za ta bi 'yar wasan gaba, takalmi ya kafe a ƙasa, jiki ya tafi ya bar ƙafa. Ina zaune a bayan motar da nake jigilar madara da ita na ga ta zube.

Likita Barragán, wanda muka je wurinsa a León, ya ɗauko gwiwar roba daga kan teburinsa ya nuna mana. Ya ce akwai wata jijiya can cikin gwiwa da ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba, ita ce ta tsinke, kuma ba irin wadda ake ɗinkewa ba ce, sai dai a sa wata. Zai yanko sabuwar ne daga gaban gwiwar, daga tsakiyar jijiyar da ta sauko daga ƙoƙon gwiwa zuwa ƙwauri, haɗe da ɗan ɓallin ƙashi daga ƙoƙon da wani daga ƙwaurin. Sannan ya huda ƙasusuwan ya zura ta ya ɗaure da ƙusoshi. Nereida ta ce wato za a yanko gaban riga a yi wa cikinta faci. Likita ya yi dariya ya ce haka ne, sai dai gaban rigar zai daɗe kafin ya koma daidai.

Ranar tiyatar ni da Herminia muna kan benci ɗaya a barandar asibiti. Ta gaji da jan carbi, ta gaji da leƙen ƙofa. Can na ji tana magana ƙasa-ƙasa da Uwarmu ta Kan Tudu, waliyyiyar majami'ar garinmu, yadda mace ke magana da maƙwabciya ta kan katanga. Ta ce idan yarinyar ta fito lafiya ta taka da ƙafarta, to ranar idin Uwarmu Nereida za ta shigo mata tana tafiya da gwiwa, tun daga ƙofar ƙarfe ta harabar majami'a har gaban bagade, inda siffarta take. Ban ga abin mamaki a ciki ba. Ni ma ina yaro da ƙyanda ta kama ni mahaifiyarmu ta yi bakance da ni, na shekara cikin doguwar rigar waliyyi mai ruwan ƙasa, yara suna bi na suna kirana Fada, wai limamin majami'a. A wurinmu uwa takan yi alkawari da ɗanta kamar yadda take yi da hannunta.

Aiki ya yi kyau. Da za a sallame mu likita ya jero mata abubuwan da za ta bari: gudu, tsalle, babur, ƙwallo ko da wasa da yara ne a tsakar gida. Ya ce ta guji durƙuso, don gaban gwiwar zai daɗe yana zafi. Babu wanda ya gaya masa zancen bakancen. Ba a tallar bakance kafin a cika shi, kuma ba mu ga ta inda ya shafi likita ba. A mota muna dawowa Herminia ta ce ta ji ya ce zai yi zafi, to ai bakancen da ba zafi a cikinsa yawon shan iska ne.

Sai da Nereida ta ajiye sanduna uwar ta gaya mata. Muna cin wake da wainar masara a madafinsu. Yarinyar ta ajiye cokali ta dube ta.

"Mama, duk kyandir ɗin da ke garin nan bai ishe ki ba sai gwiwata?"

"Kyandir kowa na kaiwa."

"Ke ga taki gwiwar nan biyu, ba aikin da suke yi sai ɗaukar ki zuwa zagin alƙali."

"Ai ba tawa aka gyara ba."

Nereida ta yi dariya har ta ƙware. Ba mai yawan ibada ba ce, amma ba ta taɓa jin an ce ga abu mai wuya ta yi baya ba. Kuma gwiwar tana ta kyau, mai gashin ƙashi yana yabonta, ta fara hawa keken motsa jiki. Ta ce za ta yi, amma da sharaɗin uwar za ta dafa mata farfesun akuya bayan an gama.

Idin Uwarmu ya faɗo wata uku da wani abu bayan tiyatar. Garin ya cika kamar kullum, ga masu ganga da masu rawa da fuka-fukai a ka, ga ƙarar tartsatsin wuta da ake harbawa sama, ga masu tuya sun tare hanya. Masu bakance sun yi layi a ƙofar ƙarfe, kowa da nasa masu barguna. Yadda ake yi shi ne a shimfiɗa bargo a gaban mai tafiya, in ya wuce kansa a ɗauko daga baya a maido gaba. Na yi wa mahaifinmu, na yi wa matata kafin ta rasu. Ranar ni da Yadira, mai tsaron gidan ƙungiyarsu, muke yi. Herminia tana can gaba da babban kyandir, tana buɗe hanya.

Nereida ta tafi da kyau a kan shimfiɗaɗɗun duwatsun. Tana karkata nauyinta kan ta hagu, mai lafiyar, tana tsokanar Yadira wai ko bargo ba ta iya kamawa balle ƙwallo. Ta wuce wani dattijo da ya riga ta farawa, ta ce masa, "Baba, a yi haƙuri, ta dama zan bi." Har shi ma ya yi dariya.

A tsakiyar harabar akwai dakali guda, tsayinsa bai wuce taƙi ba. A tsaye mutum ba ya ma lura da shi. Da gwiwa kuwa sai ka ɗora ɗaya a bakinsa, ka ɗora mata dukan nauyinka, sannan ka janyo ɗayar. Nereida da dama take fara komai, da ita take buga ƙwallo, da ita take hawa mota. Ta ɗora ta dama a kan kaifin dutsen ta yunƙura.

Ina sunkuye ina gyara bakin bargon, kaina dab da ita, don haka na ji. Ƙara ce irin ta busasshen reshe in an taka shi. Ba ta yi ihu ba. Ta kwanta a gefe a hankali, fuskarta ta yi fari, ta ce, "Kawu, ƙafar ta ƙi miƙewa." Na duba na ga gaban gwiwar ya lotsa a tsakiya, kamar an danna yatsa a ƙullu. A cikin bargon muka ɗauke ta, mu huɗu, muka ratsa masu rawa. Herminia ba ta san abin da ake ciki ba sai da ta kai ƙofar majami'a ta waiwaya.

Hoton ƙashi ya nuna ƙoƙon ya rabe biyu, tsagar ta taso daga ramin da aka ɓalli ƙashi. Likita Barragán ya tambayi yadda aka yi. Herminia ta buɗe baki, Nereida ta riga ta, ta ce a matakala ta zame. Likitan ya ɗaga mayafin ya dubi ɗaya gwiwar, ta hagu, wadda ta yi ja, ga gashin bargo manne a jiki. Ya daɗe yana kallo. Ya ce kakarsa ma 'yar wajenmu ce, ya san matakalar da ke goge gwiwa biyu lokaci ɗaya. Ya ce da ya yi tunani da ya tambaye mu wane wata ne idin garinmu. Bai yi wa kowa faɗa ba, kuma na ga hakan ya fi yi wa Herminia ciwo.

Aka sake shiga da ita. Ya haɗa ɓarin biyu da ƙarafa sirara, ya kewaye da waya ya ɗaure. Jijiyar ciki, wadda aka yi duk wahalar dominta, ba abin da ya same ta. Amma wannan karon ya zaunar da mu uku ya faɗi magana yadda ba mai juya ta. Ya ce ƙoƙon nan an ɓalle shi sau ɗaya, ya fashe sau ɗaya, abin da ya rage ba shi da yawa. In ya sake fashewa ba lallai ya sami inda zai ɗaura waya ba, sai dai ya cire shi gaba ɗaya. Wanda aka cire wa ƙoƙo yana tafiya, amma ƙafar ba ta ƙara ƙarfi, matakala ma sai da dabara, ƙwallo kuwa sai a talabijin.

Makonni ƙafar tana miƙe cikin ƙarfe. Da aka kwance, cinyar ta tsotse ta koma kamar ta yarinya, gwiwar kuma ta sandare ta ƙi lanƙwasuwa. Ni nake kai ta gashi in na gama raba madara. Ina zaune a waje ina jin mai gashin yana danna ƙafar, ita kuma tana zaginsa ta cikin haƙora, tana gamawa ta ce ya ƙara. Ni da na zauna a ajin yaƙi da jahilci da furfura a kaina na san yadda ake fama da abin da ya riga ya sandare, don haka ba na ce mata sannu. Sai dai in saya mata ruwan kwakwa a hanya, ta yi ta magana ina ji.

Gari kuwa bai yi shiru ba. A wurin injin niƙa Doña Eduviges, wadda ke gyara furannin bagade tun kafin a haifi Nereida, ta ce Uwarmu ce ta ƙi karɓa, don yarinyar tana tafiya tana wasa da dariya kamar a kasuwa. Wasu suka ce ai ba a bar bakance a rabi, Uwarmu tana da haƙuri amma ba ta mantuwa, in ba a kai mata ba za ta zo ta ɗauka da kanta. Kowa yana da labarin wani kawunsa da ya yi alkawari ya share, shanunsa suka ƙare.

Fada Fidencio, limamin majami'armu, ya zo har gida. Ya ce yana da ikon sauya bakance, ta ciyar da marasa lafiya ko ta kai furanni, magana ta wuce. Herminia ta ba shi kofi da burodi mai zaƙi, ta yi masa godiya, ta raka shi ƙofa. Da ya tafi ta ce mini yaron kirki ne, amma ba da shi aka yi maganar ba. Bayan haka wata ranar Talata da hantsi, harabar ba kowa sai tattabaru, ta je ita kaɗai ba bargo, ta yi tafiyar da gwiwarta tun daga ƙofar ƙarfe har bagade. Na same ta a gida tana wanke jini da ruwan gishiri. Na ce to ai shi ke nan. Ta girgiza kai ta ce ta duba fuskar Uwarmu ba ta ga an karɓa ba, don ba abin da ta ce za a kawo ke nan ba.

Daga ranar ba ta ƙara shiga majami'ar ba. Ranar Lahadi sai ta tsaya a ƙofar ƙarfe ta saurari addu'a daga nesa, kamar wadda aka kora. Fili ma ta daina zuwa, ko da Yadira ta zo ta ce alƙalai sun fara ƙiba. Kaza ta mutu, ta ce an fara. Aka dakatar da mijinta daga aiki na ɗan lokaci, ta ce an fara. Gidan da ake jin muryarta daga bakin titi ya koma ba ka jin komai sai ƙarar tafin waina. Da Nereida kuwa ba ta iya haɗa ido. Tana dafa mata duk abin da take so, ta ajiye, ta fita.

Da damina ta wuce ƙashin ya haɗe, wayar kuma ta fara sukar fata, likita ya cire ta. Ya ba Nereida a 'yar kwalba, ta kawo gida ta ajiye kan firiji tana cewa ga abin wuyan aurenta. Washegari kwalbar ta ɓace daga wurin, ba wanda ya tambaya. Likitan ya ce tana iya fara gudu a hankali, amma zancen ɗora gwiwar kan dutse yana nan yadda ya faɗa.

Idi ya kusa, ina garke ina tatsa da yamma sai ga Nereida. Ta jawo bokiti ta kifa ta zauna, ƙafar dama a ɗan miƙe. Ta yi zancen shanu, ta yi zancen cuku, sannan ta ce in fito da barguna.

Na ci gaba da tatsa. Ta ce ta yi lissafin abin, daga saman dakalin za ta fara, tunda nan ta tsaya, daga can kuma shimfiɗe yake har bagade. Za ta jingina kan ta hagu. Za ta naɗe ta dama da soso. Na bari ta gama, na ce na ji abin da likita ya ce, ita ma ta ji.

"Na ji, Kawu."

"To?"

"To ka ga Mama kwanan nan? Jiya na fasa mata kwanon da ta fi so, da gangan. Ka san abin da ta ce? Ta ce ba komai." Ta tsinki ciyawa tana murzawa. "Ni ba don ta Kan Tudu zan yi ba. Tawa uwar nake so a dawo mini da ita. Kuma wannan tsohuwar mai furanni ta daina cewa na gudu daga fili ana tsakiyar wasa."

Ba yarinya ba ce, ba kuma a taɓa hana ta abu ta hanu ba. Na ce zan fito da su.

Da safe na biya gidansu. Herminia tana gaban murhu tana juya waina. Na ce Nereida ta ce in fito da barguna. Hannunta ya tsaya kaɗan, sannan ya ci gaba. Ta ce to in fito da su. Na zauna na sha kofin da ta zuba mini har ya ƙare. Da zan tashi na ce bara tana gaba da kyandir, ba ta ji abin da na ji ba. Na ce bayana ya fara ciwo, bana ba zan iya sunkuyo ba, ita za ta shimfiɗa, ni in riƙe kyandir. Ta ce, "Yaya, kai da kake ɗaga tulun madara kullum?" Na ce shi ya sa yake ciwo.

Ranar idi muka ratsa ta gefen masu layi muka tsaya a saman dakalin. Mutane sun gane mu, sun ɗan ja baya sun bar mana wuri. Na hango Doña Eduviges a bakin ƙofa da kwandon furanni, ta daina abin da take yi. Yadira da sauran 'yan ƙungiyar suna tsaye a gefe, ba mai tsokanar wani. Na miƙa wa Herminia bargo na farko, mai kauri, na karɓi kyandir.

Ta sunkuya ta warware shi, ba ta kai ga shimfiɗawa ba Nereida ta naɗe ƙafar wandonta don ta ɗaura soson. Gwiwar ta fito dab da fuskar uwar. Tun tiyata ta biyu ba ta yarda ta kalle ta ba. Tabo biyu ne, ɗaya kan ɗaya, dogo da ya ratsa ƙoƙon daga sama har ƙasa, ga sawun ɗinki a gefe da gefe kamar ƙafafun shanshani, ga sabon wurin da aka zaro wayar bai gama baƙi ba. Ƙoƙon kansa ya fi ɗan'uwansa faɗi, ya ɗan karkace.

Herminia ta daɗe a sunkuye, bargon a hannu. Nereida ta gama ɗaure soson ta ce, "Mama, shimfiɗa mana, ana jira." Ta dafa kafaɗar uwar ta fara sauka kan ta hagu.

Herminia ta miƙe da sauri, ta cusa hannu ƙarƙashin hammatarta ta ɗago ta, har sai da ta yi tangaɗi.

"Tsaya da ƙafarki."

"Mama, rabi kawai ya rage."

"Na ce ki tsaya. Cire wannan abin."

"In kuma ta zo ɗauka da kanta fa? Ke kika ce."

"Ta san gidan. Ni za ta tarar."

Ta juya ta ga wata mata da ke hawa dakalin da gwiwa, ɗanta yana fama da yagaggen kwali, ta miƙa musu bargon, ta ce mini in ba su sauran. Sannan ta kama hannun Nereida ta saƙala a nata, suka nufi ƙofar majami'a a tsaye.

Wanda bai taɓa gani ba ba zai san nauyin wannan tafiya ba. Tsakiyar hanyar ranar idi ta masu gwiwa ce, masu ƙafa gefe suke bi. Su biyu ne kaɗai a tsaye a cikinta, kawunan mutane iya ƙugunsu, kowa yana ɗaga ido yana kallonsu. Nereida ba ta sauke ƙafar wandon ba. Herminia kuwa haɓarta a sama take, irin yadda take ɗaga ta in ƙungiyarsu ta shigo fili. Ban san lokacin da na gyara riƙon kyandir ɗin na ɗaga shi sama ba.

A gaban bagade ta tsaya ta dubi Uwarmu. Ba ta ɗaga murya ba, amma na kusa sun ji.

"Ga ta nan na kawo miki, ki gan ta. Kin gyara, na ɓata, aka sake gyarawa. Na yi miki alkawari da abin da ba nawa ba ne, kuma ba zan cika ba. Ban zo roƙon a rage mini ba, na zo ne in faɗa miki a gaban idonki, kada ki ji a bakin mutane. Ke ma kin riƙe naki ɗan da raunukansa a cinyarki. In akwai abin da za ki ɗauka, ki ɗauka a jikina."

Ta ciro ƙullin hankici daga ƙirjinta ta kwance. Wayar ce, a lanƙwashe yadda ta fito daga ƙashi. A gefen bagaden akwai jan ƙyalle inda ake maƙala ƙananan ƙafafu da hannuwa da zukata na azurfa, na waɗanda suka warke. Ta ciro fil daga mayafinta ta maƙala wayar a tsakaninsu. Sai a lokacin ta durƙusa, ita kaɗai, ta yi alamar gicciye. Nereida tana tsaye a kanta, hannu a kafaɗarta.

Da muka fito Doña Eduviges tana nan inda muka bar ta. Ta ce, "Herminia, ba a cika ba fa."

"Na gaya mata."

"Me ta ce?"

"In ta ba ki saƙo ki kawo mini. Kin fi ni kusa da ita."

Muka sauka daga dakalin. Nereida ta sauka da ta dama, ta lanƙwasa ta yadda ya kamata, ba ta dafa kowa ba. A wajen ƙofar ƙarfe ta ce har yau ba a ba ta farfesun akuyar bara ba. Uwar ta ce wadda ba ta gama aiki ba ba ta da lada, sannan ta ja ta rumfar mai farfesu ta sa aka zuba mata kwano biyu.

Ba zan ce tsoron ya bar Herminia ba. Har yau in ta ji ciwon kai sai ta dubi wajen tudu, kuma duk Lahadi in ta kunna kyandir takan ɗan tsaya tana duban fuskar Uwarmu, kamar mai jiran a yi mata magana. Amma a ciki take kunnawa, a layin gaba.

Nereida ta koma fili bayan Ista. Ba ta da saurin da, kuma koci ba ya sa ta sai an dawo daga hutun rabin lokaci. A wasanta na farko, da shigarta ba daɗewa, wata 'yar gaba ta taho da gudu, Nereida ta tare ta da kafaɗa ta ƙwace ƙwallon tsaf. Yarinyar ta faɗi tana birgima, alƙali ya busa usur ya nufo su yana laluben aljihu. Ina zaune a bayan motar madara. Daga can ƙarshen fili, kusa da mai sayar da gasasshiyar masara, na ji muryar ƙanwata ta tashi tana tambayarsa ko a gidan kakarsa ya baro idanunsa, ko kuwa dama gado ne.

Nereida ta juya ta nemi inda muryar take. Alƙali yana ɗaga mata katin gargaɗi, ita tana dariya.